Lallen Ƙanƙara

Safar hannu biyu. Maganin ciwo. Takardar likita. Zoben azurfa da aka yanke gida biyu.

Abin da na riƙo ke nan a motar Kano zuwa Daura.

Mun wuce Kazaure, Saminu ya sake kira, karo na shida. Ban ɗauka ba. Saura mako guda a ɗaura mana aure, kuma bai san da me na dawo ba.

Kwana talatin da ɗaya na yi a Antatika, can ƙarshen duniya ta kudu. Mu shida, a ƙafa, muna auna kaurin ƙanƙara, kowa na jan kayansa da igiya a ƙugu.

Na iske gidanmu cike. Dangin ango sun kawo lefe.

Gwaggo Yelwa, ƙanwar mahaifin Saminu, ta cafke hannuna ta zare safar.

"Safa a wannan ranar? Iyye! Amarya har an sha lalle! Ji yadda ya kama, baƙi wuluk... amma wace marowaciya ce ta yi miki yatsa ɗaya?"

Mata suka sa guɗa.

Ban da Zubaida, 'yar Gwaggo, ma'aikaciyar jinya, wadda Gwaggo ta daɗe tana yi wa sha'awar Saminu. Ta leƙo, ta ɗaga murya don kowa ya ji.

"Inna, ba lalle ba ne. Yatsan ya mutu. Yankewa za a yi."

Guɗar ta tsaya cak.

"Innalillahi!" in ji Gwaggo. "A rufe akwatunan nan! Mu kai wa ɗanmu mace guntu-guntu?"

Kafin la'asar Saminu ya iso. Muka tsaya a zaure, Gwaggo da Zubaida na bakin ƙofa.

"Murjanatu. Nuna min."

Na miƙa.

"Yana ciwo?"

"Da yana ciwo da an yi murna."

"Me ya sa kika ɓoye min, rabin raina?"

Na zuba masa gutsattsarin zoben da ya ba ni a tafin hannu.

"Ranar farko shugabanmu ya ce kowa ya cire ƙarfe daga jikinsa. Ƙarfe na jan sanyi, kuma idan yatsa ya kumbura sai ya hana jini wucewa. Kowa ya cire."

"Ke fa?"

"Ka ce kada in cire."

"Wasa nake yi, Murja! A tasha na faɗa, ina dariya!"

"Na sani. Wauta ce, kuma tawa ce. A kwana na ashirin guguwa ta tsare mu cikin tanti. Da ta lafa na duba... ya yi fari, ya yi tauri kamar rogo."

Ya daɗe yana kallon azurfar.

"Shi ke nan dai, kin gama da wurin nan?"

"Baɗi zan koma. Aikin saura rabi."

"Kun ji ko!" in ji Gwaggo. "Sai ta ƙarar da sauran! Saminu, ga 'yar'uwarka nan da yatsunta goma cif..."

"Allah ya bar mata su, Gwaggo."

Ya juyo gare ni, idonsa ja.

"Ban so ki koma. Zan yi ta faɗa miki har ki gaji."

"Zan yi ta ji."

"Zobe kuwa, na daina saya."

Ya ce wa Gwaggo ta yi haƙuri, ya tura ƙyauren zauren har ya rufu. Ta bayan ƙyauren ya ɗaga murya.

"Asabar za a ɗaura. A gaya wa mai lalle tara za ta yi."