Zahra Ba Ta Ɓata Hanya

A kasuwar Gashuwa Kalli ya fara ganin Yakaka, kuma da faɗa suka soma. Shi ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne a Nguru, garin kalle-kalle ya taka mata tabarmar busasshen kifi.

"Kai makaho ne?" ta ce.

"Wallahi yanzun nan na makance."

Ta ja tsaki. Amma fa kafin wata uku direban lori ya gaji da kai musu wasiƙun ajami.

Matsalar ubanta ce, Malam Ajimi mai lissafin taurari, wanda ko sunan ɗan boko ba ya son ji.

"Tauraruwar 'yata Zahra ce," ya ce wa Kalli a gaban dattawa. "Tun da ka fara zuwa take sauka, jiya ta ɓace daga yamma. Kai ka kautar da ita. Ga Bobboi mai shanu can yana jiran aurenta."

Kalli kuwa bakinsa ba linzami.

"Baba, ba ta kauce ba. Rana take zagayawa kamar duniyarmu, kuma ba wadda ta taɓa barin hanyarta. Kafin kwana goma za ta fito ta gabas. Ita ce Gamzaki."

"Ni za ka koya wa sama, ɗan banza? Zahra daban, Gamzaki daban! In bai fito ba, kada ƙafarka ta sake taka garin nan."

Washegari wasiƙa ta iso Nguru: "Kalli, ka kunyata ubana. Ko ya fito ban yafe ba. In bai fito ba, ka cuce ni."

Ya amsa: "Hasken idona, ki riƙa duban gabas."

Ƙarfin hali kawai yake, tsoro ya cika shi. A bakin malamin makarantar elemantare kawai ya ji zancen.

Ran kwana na goma, an fito sallar asuba, sai ga Gamzaki ƙasa-ƙasa bisa kogi yana ƙyalli. Malam Ajimi ya daɗe yana ƙirga da yatsu.

"Wata takwas ban gan shi ba," ya ce a hankali. "Duk kwanakin da Zahra ke yamma." Ya harari Kalli. "Mara kunya. Turo magabatanka."

Ranar ɗaurin aure Yakaka ta aiko: ba za ta tare ba sai ya ba Baba haƙuri. Kalli ya durƙusa a gaban dattawan nan.

Tsohon ya dafa kansa. "Allah ya sa ku riƙe hanyarku yadda Zahra ta riƙe tata."