Ramuka Huɗu a Bangon Falo

Bangon falon nan babu komai a jikinsa sai fenti ruwan madara, amma babu abin da bai nuna wa Amarya da Auta ba. Da yamma, in ya dawo daga ofishin gidan ruwa, ita kuma ta rufe kekenta na ɗinki, sai su zauna a doguwar kujera su zuba wa bangon ido. Inuwar bishiyar bayan taga takan faɗo a kansa tana rangaji. Auta ya ce ga teku can, Amarya ta ce a'a, jirgin ƙasa ne zai wuce da su garin da waya ba ta shiga. Ya ɗaga hannu kamar mai riƙe da rimot ya canza tasha, ta ce ya mayar, ba ta gama kallo ba. Umma, mahaifiyarsa, tana zaune kan dardumarta da carbi, takan girgiza kai ta ce ita dai ta yi zaton aure ta yi wa ɗanta, ashe abokiyar wasa ta samo masa.

Sun yi alkawari in tarin kuɗin da suke yi ya kai, za su sayi talabijin na bango, madaidaici, daidai talaka.

Sai Amarya ta ga abin da ba a so ta gani. Yaya Ƙarama, yayar Auta da aure ya kai wata ƙasa mai nisa, ta haihu, kullum takan kira ta bidiyo don Umma ta ga jikanta. Ran nan Amarya ta shigo da shayi ta tarar Umma ta kara wayar dab da hancinta tana cewa tubarkalla, yaro sai ƙiba yake. A fuskar wayar kuwa babu yaro, labule ne kawai, don mai jegon ta ajiye wayar ta tafi ɗauko shi. Nan take Amarya ta tuno allurar da Umma ke ba ta ta zura zare, da shayin da takan zuba a gefen kofi.

Da aka kashe wayar, Umma ta kamo tsintsiyar hannunta.

"'Yar nan, na san kin gani. Hazo ya rufe min ido, sai abu ya yi girma ya matso nake gane shi. Ki yi min alkawari ba za ki faɗa ba, ko ga mijinki. In Babba, babbar yayar mijinki, ta ji, gobe za ta kwashe ni zuwa benenta, ni kuwa a gidan nan ƙafata ta san kowane lungu."

Amarya ta yi alkawari. Ta roƙe ta su je asibiti, Umma ta ce sai ta shirya.

Ranar da suka je shagon kayan lantarki, Amarya ta ji kamar ta shiga cikin mafarkin wani. Talabijin jere tun daga ƙasa har rufi, duk suna nuna abu ɗaya: kifaye ja da ɗorawa suna shawagi cikin ruwa shuɗi. Hasken ya zubo a farar rigar Auta, shi ma ya zama shuɗi. Ya nufi wani madaidaici ya ce ga nasu. Ita kuwa ta wuce can ƙarshen layi, ta tsaya gaban wanda ya kusa kai faɗin ƙofa in an kwantar da ita, ta tsuguna, ta runtse ido har gashin idonta ya haɗu, ta dubi kifin ta cikin wannan dishi-dishin. Ta ga idon kifin sarai.

Ta ce wannan take so. Auta ya yi dariya, ya ɗauka wasan falo ne ya biyo su kasuwa. Mai shago ya tambayi faɗin falon, ya ce gaskiya ya yi musu girma. Ta ce ta ji, shi dai take so, in ya so a haɗa da abin da ta ajiye na sabon keke. Auta ya dube ta tsawon lokaci. Ya saya, amma ransa a ɓace.

Kwalin bai gama shiga ƙofa ba Yaya Babba ta iso, don ita labari ba ya kwana bai same ta ba. Mace ce mai son 'yan'uwanta, sai dai sonta yana da ƙaya. Ta zagaya kwalin tana tafa hannu, ta ce dama ta faɗa, shiru-shiru ba tsoro ba ne, yarinya ta shigo da sunkuyar da kai ashe idonta na kan sama. Ta ce yau talabijin, gobe mota, jibi a ce tsohuwa ta tsufa da gidan. Amarya ta dubi Umma. Umma ta sunkuyar da kai tana jan carbi.

Washegari Auta ya aro injin huda bango. Ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa don ya ji inda yake da ƙwari, ya kauce wa layin da wayar wuta ta bi, ya ɗora ƙarfen ratayewa sama da kansa kamar yadda ya gani a shago. Ya aza ma'aunin ruwa har ɗigon iskar ya tsaya a tsakiya, ya yi alama da fensir, ya huda ramuka huɗu. Ƙura na sauka Amarya ta fito daga kicin, ta ga inda ramukan suke. A can sama, mai zama kan darduma sai dai ta ga haske.

A hankali ta ce ya yi haƙuri, a sauko da shi ƙasa, daidai ƙugunsa.

Auta ya ajiye injin. "Kin zaɓi wanda ya fi ƙarfinmu, na yi shiru. An zage ki, na tare miki. Yanzu kuma na ɓata bangon mahaifina a banza? Ki ba ni dalili ɗaya, Amarya. Ɗaya tak."

Dalilin yana zaune a bayansa kan darduma. Hawaye suka zubo wa Amarya.

"Don Allah ka yarda da ni," ta ce.

"Na yarda da wadda na aura. Wannan ban san ta ba."

Ya sake huda wasu ramukan a ƙasa, ya cusa robobin, ya ɗaure notocin da ƙarfin mai fushi, ya rataya a jikin ƙarfen da nauyinsa don ya tabbatar ba zai saki ba. Da maƙwabci ya kama masa suka ɗora talabijin ɗin, sai ya wanke hannu ya fita. Daga ranar wasan bango ya mutu. Ga teku na gaske a falo, babu mai kallo. Yaya Babba ta fara cewa a mai da yarinya gidansu ta huta, abin da ya fi ƙona ran Amarya kuwa shi ne Auta bai ce a'a ba. Takan yi kukanta a kan keke, ƙarar ɗinki ta rufe shi.

Ranar hutu da hantsi, kowa na falo, Yaya Babba ta zo da maganar a bakinta, sai wayar Umma ta yi ƙara. Amarya ta karɓa, ta ga Yaya Ƙarama ce, ta haɗa wayar da talabijin kamar yadda ta koya a shago. Fuskar jariri ta cika bangon, kumatu da dasashi da komai, daidai saitin darduma.

Carbin ya faɗi daga hannun Umma. Ta ja jiki ta matsa, ta ɗaga hannu tana shafa gilashin.

"Wayyo Allah. Kunnen Malam ne. Ku dubi kunnen babanku!"

Auta ya ce, "Umma, ba kullum kike ganinsa a waya ba?"

"Ban taɓa ganinsa ba sai yau."

Umma ta faɗi komai tana kuka, ta ce tsoron barin ɗakinta ya sa ta bari ana yanka yarinyar mutane a gabanta, Allah ya yafe mata. Yaya Babba ta rufe fuska da mayafi. Sannan ta ce ba bene ba, asibiti za su gobe, kuma a nan gidan Umma za ta yi jinya.

Auta ya sauko daga kujera ya zauna a gefen dardumar, ya ɗaga kai. Tsakiyar talabijin ɗin tana kallon idonsa sak. Ya juyo ya dubi matarsa, idonsa ya cika.

"Ki yafe min. Dalili na nema, alhali ke ce dalilin da ya kamata ya ishe ni."

Amarya ta share fuska ta ce ta yafe, amma da sharaɗin rimot a hannunta zai zauna. Umma ta yi dariya cikin hawaye.

An yi wa Umma aikin yanar ido, ta warke, har takan hango zare a ƙasa ta ce a ɗauke. Da mai fenti ya zo zai toshe ramuka huɗun nan na sama, Auta ya hana. Ya ce a bar masa su, duk ranar da zuciya ta ce ya yanke wa matarsa hukunci kafin ya san abin da take ɗauke da shi, zai ɗaga kai ya gan su.

Haka abin yake. Mai riƙon amana yakan sha zargi, amma haƙuri ba ya ɓata. Wanda kake so, in ya ce ka yarda da shi, ka ba shi lokaci kafin ka ba shi laifi.