Layar da ke Ƙarƙashin Fijo

Kai mai karatu, sau nawa ka wuce garejin nan na bakin hanyar Zongo, ka hangi budurwa kwance ƙarƙashin mota, ka kau da kai kamar ka ga abin kunya? To, Amiru bai kau da kai ba. Tsayar da babur ɗinsa ya yi, har budurwar, Nazifa, ta fito, baƙin mai ya kai mata gwiwar hannu.

"Malam, babur ɗin ne ba lafiya ko kai?"

"Ni ne," ya ce.

Ta yi dariya. Tun daga ranar babur ɗin ya riƙa ciwo duk mako.

Da maganar aure ta kai kunnen mahaifinsa, Alhaji Kalla mai atamfa, sai ya ɗaure fuska. "Mace mai birgima a ƙasa da sifana? Ba a gidana ba."

A tsakar gidan akwai wata tsohuwar Fijo, wadda Alhaji ya ɗauko amaryarsa Indabo da ita daga Kano. Tun rasuwarta motar ba ta sake tashi ba. Lassane bakanike ya taɓa dubawa, ya ce tsatsa ta cinye notuna, sai an yanke su da wuta inji zai fita. Alhaji ya nuna masa ƙofa.

Amiru ya tura saƙo: "Injiniyata, Baba ya ƙi. Amma ko za ki zo ki ga motar Mama?"

Amsa ta dawo: "Ɗan atamfa, roƙo ba zai kawo ni ba. Motar zan zo wa. Tara mini gwangwanayen madara goma."

Alhaji ya bari ta shigo ne don ya ga ta kasa. Ya kafa kujera a inuwa.

Kwana uku tana jiƙa notuna da kananzir, ba ta kwance ko ɗaya ba. Ran na huɗu ta tsiyaye mai, ta cire lagireto, ta ɗaura wa kowace waya alama. Notunan kowane sashe da gwangwaninsu. Wanda ya ƙi, sai ta ƙwanƙwasa shi a hankali, ta ba shi lokaci. Amiru yana riƙe da sifana yana kallon hannuwanta, ya ma manta mahaifinsa na wurin.

Ta kafa ƙarafa uku, ta rataya sarƙar ɗagawa.

"Inji da akwatin giya tare za su fito," ta ce. "A hankali, masoyi, ba bandir ɗin yadi kake ja ba."

Ta koma ƙasa ta kwance farfela, sandar da ke juya tayoyin baya, sai ga muryarta daga can.

"Tsaya, kar ka ja."

Ta daɗe a can. Da ta fito, wata ƙaramar laya ce a hannunta, fatar ta yi baƙi ƙirin da mai. A jikin ƙarfen da ke tallafe akwatin giya aka ɗaure ta. Ba ta tsinke igiyar ba, ƙulli-ƙulli ta warware ta. Ta naɗe ta a tsumma mai tsabta, ta durƙusa gaban Alhaji, ta miƙa da hannu biyu.

"Baba, na ga ajiyar wani. In an mai da inji zan mayar da ita mazauninta."

Alhaji ya karɓa, ya buɗe tsumman.

"Indabo ce ta ɗaura. Ranar da za mu baro Kano, da kayan amarcinta ta shige ƙarƙashin motar nan, dangina suna ta salati. Na ce abin kunya ne. Ta ce in yi ta jin kunyar, ita hanya take tsare mana." Ya goge ido da bakin riga. "Tashi, 'yata. Kai kuma Amiru, ja sarƙar nan yadda ta ce."

Inji ya taso sannu a hankali, akwatin giya na biye da shi, ko fenti bai karce ba.

Bayan wata huɗu, Fijon ce ta ɗauko amarya daga unguwar Dassasgho, Alhaji da kansa ke tuƙi. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.

Kai kuma, gobe in ka bi ta garejin nan, tsaya ka gaishe ta, ka ba ta aikin motarka. In 'yarka ta ce sifana take so, je kasuwa yau ka sayo mata.