Garkuwar Radiyya

Ranar da Radiyya ta fara ganin Nu'uman, allura ce a hannunsa, ita kuma ta kawar da kai tana kallon bango.

"Tsoro kike ji?" ya tambaye ta.

"Gajiya dai. Kowa jini yake ɗiba, ba mai gaya min abin da ya gani."

Sai ya ajiye allurar, ya jawo kujera. Ya ce suna zargin ƙwayar cutar da ta sa mata zazzaɓi bara ce ta tayar da garkuwar jikinta. Garkuwar ta ci yaƙin, amma ta ƙi ajiye makami, ta juya kan gaɓoɓinta da fatarta. Shi ya sa yatsunta ke kumbura, rana ke ƙona mata kumatu. Bincikensu a asibitin shi ne gano abin da ya sa hakan ke samun wasu, ya tsallake wasu.

A Keke Napep, a hanyar gida ta unguwar Ƙofar Ran, ta kama kanta tana murmushi.

Da ta koma, Dakta Christabel ce ta ɗebi jinin. Ranta ya sosu, har saƙo ya shigo:

"Assalamu alaikum. Nu'uman ne, yayanki Usama ya ba ni lambarki. Na roƙi a ɗauke ni daga kan aikinki, don ƙa'ida ta hana mai bincike neman wadda yake bincike a kanta. Ni kuwa nemanki nake son yi."

Soyayya ta yi nisa kafin Abdulrauf, ɗan kawunta da ya janye daga nemanta tun ranar da ta kwanta ciwo, ya ce mata, "Ke ce digirinsa. Ya gama, ya gama da ke."

Maganar ta zauna mata. Ta rubuta wa Nu'uman: "Ni kake so, ko ciwona?"

"Sanyin idona, ban ƙara duba sakamakonki ba. Ba zan ce zan warkar da ke ba, ba ni da wannan ikon. Amma duk ranar da yatsunki suka ƙi, nawa suna nan."

Da maganar aure ta taso, sai mahaifiyarsa, Inna Kubura, ta ce sam. Nu'uman bai ɓoye mata komai ba, har da cewa haihuwa sai da kulawar likita. Radiyya ba ta ga laifinta ba. Wace uwa ce za ta zaɓa wa ɗanta jinya? Ta daina ɗaga wayarsa, ciwon kuma ya tashi.

Wata hantsi aka yi sallama. Inna Kubura ce ta taso daga unguwar Gwallameji, da niyyar ba iyayen yarinyar haƙuri. Tana ganin jan tabon da ya ratsa kumatun Radiyya ta kan hanci, sai ta zauna a bakin katifa.

"Haka fuskar ƙanwata Sauda ta yi," ta ce a hankali. "A ruga muke. Aka ce sammu ne. Muka yi ta hayaƙi har ta tafi." Ta kama hannun Radiyya. "Ba ƙin ki nake ba, 'yata. Tsoron sake gani nake."

"Ni ma ina tsoro, Inna. Amma nawa an san sunansa, ina shan magani, ina kuma tashi."

Tsohuwar ta daɗe tana murza mata yatsu. Da za ta fita, ta dubi mahaifiyar Radiyya. "Baffansa zai zo ranar Juma'a."

Bayan sallar la'asar aka ɗaura auren, da rana ta yi sanyi, don amarya. Inna Kubura da kanta ta riƙo ta har ɗaki, ta ɗora hannunta a na Nu'uman.

"Ga amana. Allah Ya ba ku lafiya da zaman lafiya, Ya sa ku tsufa tare."

Ɗakin ya amsa da amin.