Fitilar da Ta Ƙi Kamawa a Ɗaki

Da safe aka kawo rahoto ofishin 'yan sanda cewa an sace fitila a lambun shaƙatawa. Sufeto ya ɗauki hularsa yana tsaki. A ganinsa satar fitila ba ta kai ta raba shi da shayinsa ba.

A lambun ya tarar da malamar makarantar fasaha tana ta kai da kawowa. Ɗalibanta ne suka ƙera fitilun, kowa da tasa, aka jera su a gefen hanya a kan gajerun sanduna. Da yamma za a yi bikin kunna su.

"Ranka ya daɗe, da wata aka ɗauka, da mai ita ya sake ƙerawa," in ji ta. "Wannan ta Auta ce, kuma Auta ta rasu. In ba a samo ta ba, ƙwan kasuwa za a ɗaura a gurbinta, shi ke nan babu abin da ya rage nata."

Sufeto ya duƙa gaban sandar. Farantin da ke zuƙar rana yana nan, batir ma yana cikin akwatinsa. Kan fitilar kaɗai aka kwance. Wayoyin kuwa ba a fizge su ba. An naɗe bakinsu da ƙyalle, an ɗinke da jan zare, ɗinki ƙanana a jere kamar na bakin riga.

Ya kira mai gadi.

"Baba, wa ka gani?"

"Ƙarti ne, yallaɓai. Da mota suka zo."

"Da allura kuma?"

"Zamani ne. Ɓarayi ma sun koyi sana'a."

Yana magana, idonsa na kan bencin da ke fuskantar sandar.

"Wa ke zama a can?"

"Mutane."

"Wane mutum?"

Tsohon ya hau gyara maɓallin rigarsa.

Wani ɗan ajin Auta, da ake kira Dogo, ya nuna wa Sufeto hoton fitilar a wayarsa. Murfinta na ƙarfe ne, an huda shi da ƙananan ramuka. In ta kama, furanni take zubarwa a ƙasa.

"A ina ta samo zanen?"

"Daga kanta, yallaɓai."

Sufeto ya dubi aljihun rigar Dogo. Furen nan ne dai, da jan zare.

"Wannan ma daga kanta?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Innarta ce ke mana ɗinki. Don Allah, yallaɓai."

La'asar ta yi sanyi lokacin da Sufeto ya yi sallama a ɗakin mai ɗinki. Keken ɗinki na gefen gado. Takalman makaranta na bayan ƙofa, a goge tas, kamar gobe za a saka su.

"Fitila?" in ji matar. "Ni da ko ƙwai ban iya canjawa ba, ɗana."

Sufeto bai musa mata ba. Labulen taga ya kalla. Rana ta bugo ta baya, ta zana inuwar wani abu mai murfi a jikinsa. Ita ma ta bi idonsa da kallo. Can ta tashi, ta yaye labulen da kanta.

"Auta ta ce min rana take sha," in ji ta. "Tun safe na ajiye ta nan. Na juya ta, na goge ta, na rufe ta da zane don ta ɗauka dare ne. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba."

"Ba ita ke shan ranar ba, Inna. Farantin da kika bari ne."

Ta ɗora hannunta a kan murfin.

"A kan gadon nan ta huda ramukan, ina mata faɗa za ta ɓata min zanen gado. Ta ce ranar kunnawa ni zan fara tsayawa a gindinta. Kullum ina zuwa bencin nan. Jiya na ji ana lissafin manyan baƙi, ba wanda ya tuna tana da uwa. Sai na ce bari ta kwana wurina ko sau ɗaya. Baba mai gadi ya gan ni, ya kau da kai. Kada a taɓa shi."

"Dole ki biyo ni ofis ki ba da bayani."

Ta ɗauki mayafinta. "To. Amma ni zan riƙe ta."

A mota Sufeto ya ce wa direba ya bi ta lambu.

An riga an taru. Dogo ya fito da almakashi zai yanke ƙyallen da ke bakin wayoyin.

"Kai, kar ka ɓata min aiki," in ji Inna. Ta ja bakin zaren, ɗinkin ya warware. Dogo ya mayar da kan fitilar, ya haɗa wayoyin.

Rana ta faɗi. Fitilun suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya. Ta Auta ta yi jinkiri, har malama ta dafe ƙirji. Sai ga furanni sun zubo a ƙasa, a kan ƙafafun Inna, a kan bakin zanenta. Ta miƙa tafin hannu, fure ɗaya ya sauka a ciki.

Sufeto ya duba agogonsa, ya mayar da hannun aljihu. Sai da aka gama tafi, manyan baƙi suka watse, sannan ya matso.

"Mota na jira, Inna."

"To, ɗana."

Ta rufe tafin hannunta a hankali, ta bi shi, tana tafe tana waiwaye.