Wayar da Ba a Kashewa

"Kar ka sa hannu, Tamir... don Allah kar ka sa!"

Nashwa ta riƙe hannun rigarsa a bakin tekun Iskandariya, gasasshiyar masarar da ya saya mata har ta huce. Wani kamfanin manhaja ne ya ba shi aiki, da sharaɗin ya amsa cikin kwana biyu. Awa goma sha biyu kullum, kwana shida a mako, ga wayar kamfani da ba a kashewa. In ta yi ƙara, minti biyar gare shi ya buɗe kwamfuta.

"Sanyin idona, ba su yaudari kowa ba," ya ce. "Komai a rubuce yake. Wanda ba zai iya ba ya bari."

"A rubuce! In na gaya maka zan tura ka tekun nan, sannan na tura ka, shi ke nan na fita haƙƙinka?"

"Ke? Da wannan hannun naki kamar cokalin shayi?"

Ba ta yi dariya ba.

"Kujerar Yaya Hazim ce. Ka sani."

Ya sani. Hazim, Allah ya jiƙansa, yayanta ne, abokinsa kuma tun jami'a. Shekara biyu ya yi a kujerar nan, wata rana da azahar zuciyarsa ta tsaya a gaban kwamfuta. Likita ya ce ajali. Mama, mahaifiyarsu Nashwa, ta ce wayar ce.

"Hazim bai iya cewa a'a ba. Ni na iya."

"To ce mana yanzu!"

Ya sunkuyar da kai.

"Shekara uku ina neman aiki, Nashwa. Babanki ya ce ba gida, ba aure. Ga Midhat mai kantin magani kullum a falonku da kwalin kayan zaƙi yana neman aurenki..."

Ta koma gida ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ka janye maganar gidan. Zan zauna da mahaifiyarsa."

"Na binne ɗa, ba zan kai 'ya zaman raɓe ba. Aiki ba ya kisa, 'yata, kwana ne ke ƙarewa."

Ya faɗa ne bai yarda ya kalli hoton Hazim da ke bango ba.

Tamir ya sa hannu.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya zo da danginsa karatun Fatihar baiko. Ya zauna, ya ajiye wayar kamfani kusa da kofin shayi. Nashwa ta ƙura mata ido. Gefen wayar a tsage, a bayanta ga ɗan hoton kifi da ita da kanta ta manna wa Hazim don tsokana.

Ko wayar ba su canza ba!

Aka ɗaga hannuwa. Ba a kai rabin surar ba wayar ta yi ƙara, irin ƙarar nan da gidan bai manta ba. Hannun Mama ya faɗi kan cinyarta.

Nashwa ta girgiza wa Tamir kai, idonta cike da hawaye.

"Minti goma kawai, rayuwata... wallahi."

Ya ɗauki jakar kwamfuta ya fita baranda.

Baba ya ƙarasa, aka shafa. Wata goggo ta rangaɗa guɗa, ba wadda ta taya ta.

Baƙi suka ci, suka watse, yana nan a baranda. Nashwa ta zuba masa abinci ta tsaya riƙe da farantin, ta rasa inda za ta ajiye. Mama ta buɗe kabad, ta ɗauko shuɗin murfin da take rufe wa Hazim abinci, ta miƙa mata.

Nashwa ta karɓa, ta rufe.