Hoton Da Ba A Ɗauka Ba

Ranar wata Asabar, saura mako biyar a yi Babbar Sallah, Zuwaira ta fara taka shagon Sammani. Ɗan ƙaramin shago ne a layin masu kayan wuta da ke bakin Babbar Kasuwa. An jera kyamarori cikin gilashi, sababbi kaɗan, na hannu da yawa. Mai shagon yana sunkuye yana kwance wata, bai ma ji sallamarta ta farko ba.

Sai da ta sake yi ya ɗago. Da suka haɗa ido ya ajiye abin da ke hannunsa, ya shiga gyara hular da ba ta karkace ba.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ina wuni? Ya gida, ya rana?"

"Lafiya lau. Amma ban je Makka ba tukuna, ni malamar firamare ce a Batagarawa," in ji ta tana danne murmushi. "Kyamara nika so, kuɗina kuma ba su da yawa."

Ta nuna wata baƙa ƙatuwa mai dogon baki. Sammani ya girgiza kai.

"Wannan ta masu ɗaukar biki ce, Malama. Ko da kuɗin sun kai, nauyinta zai sa ki bar ta cikin akwati. Ki fara gaya mani, wa za ki ɗauka?"

Ba ta yi niyyar ba shi labari ba, amma sai ta ji bakinta ya buɗe. Kakarta ce, mahaifiyar babanta, wadda kowa a gidansu na Ƙofar Marusa ke kira Inna. Ta haura tamanin. Duk wanda ya ɗaga waya zai ɗauke ta, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ita ba za ta zauna cikin aljihun kowa ba. Amma ta yi wa Zuwaira alkawari: in aka kawo kyamara ta gaskiya, aka wanke hoton a takarda, to ranar Sallah za ta ci ado ta zauna tsakiyar 'ya'ya da jikoki. Shi ya sa Zuwaira ta kwashi adashinta, dubu ɗari da ashirin, ta taho.

Sammani ya saurara har ta gama. Sannan ya ciro wata 'yar madaidaiciya mai ruwan toka ya ɗora mata a tafin hannu.

"Ta hannu ce, wata ta kawo in saida mata. Kar lambobin da ake rubutawa a kwali su ruɗe ki. Abin da kike buƙata shi ne ido mai kyau, wanda zai ga fuskar tsohuwa ko cikin inuwar ɗaki. Kuma kar ki zuba kuɗinki duka a kanta. Ki rage na mimori da ƙarin batir, da na wanki. Hoton da ba a wanke ba ai Inna ba za ta amsa ba."

Ta yi dariya. Ya ce ta ba shi lokaci ya gwada ta sosai kafin ya karɓi ko sisi. Ta ba shi lambarta don ya sanar da ita.

Tun tana cikin Keke Napep saƙonsa ya shigo.

"Malamata, kin isa lafiya? Na manta ban tambaye ki ba, wane launi Inna ta fi so? Aikin kyamara ne, wallahi."

Ta amsa: "Shuɗi. Amma ban san kyamara na tambayar ko mutum ya isa gida ba, Mai Hoto."

"Wannan tana yi. Irin ta daban ce."

Daga nan aka ɗora. Da safe kafin ta shiga aji ya gaishe ta, da la'asar in ta taso ta biya ta shagon, wai koyon riƙon kyamara. Ya nuna mata yadda za ta juya wa rana baya, yadda za ta manna gwiwar hannu a jikinta don kar hoton ya girgiza.

Cikin mako na biyu ya rubuto: "Zuwaira, ni ban iya kwana-kwana ba. Ina son ki, so na aure. Ki ba ni izini in turo gida."

Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta rubuta: "Ƙofar gidanmu ba a ɓoye take ba, Mai Hotona."

Amma da maganar ta kai ga mahaifinta, Malam Babaji, tsohon ma'aikacin gona da ya yi ritaya, sai ya ɓata rai.

"Mai gyaran kyamara? A zamanin da kowa ke da waya? Sana'ar da ke mutuwa ce za ki jingina da ita, ɗiyata? Ba zan yi maki dole ba, amma ki yi tunani. Ga Mahmud nan."

Mahmud ɗan abokin Malam ne, yana aiki a Abuja, kuma ya daɗe yana nuna kansa. Ba mugu ba ne, sai dai yana da saurin alkawari.

Inna ce kaɗai ta goyi bayan Zuwaira. "Ƙawata, ki kawo mani shi in gan shi," in ji ta. "Wanda ya ƙi amsar kuɗinki sai ya gwada kaya, wannan ɗan mutane ne."

Saura kwana tara Sallah, Zuwaira ta biya ta kasuwa da kuɗin a jakarta. Daga nesa ta hango wata budurwa tsaye a ƙofar shagon, ta sha leshi da gilashin ido. Sammani na miƙa mata kyamarar nan mai ruwan toka, har da jakarta da cajarta. Budurwar ta rataya ta a kafaɗa tana dariya, shi ma yana yi.

Zuwaira ba ta ƙarasa ba. Ta juya.

Sai aka yi rashin sa'a Mahmud ya kira a daidai lokacin, ya ji muryarta, ya tambaya, ta faɗa masa.

"Ai haka 'yan kasuwa suke," in ji shi. "Ya samu wadda ta fi ki tayi. Ki rabu da shi. Ni zan taho maki da sabuwa fil daga Abuja ranar jajibere."

Wayarta ta yi ƙara, sunan Sammani ne. Ba ta ɗauka ba. Ta sake yin ƙara. A karo na uku ta toshe lambar, ta jefa wayar cikin jaka. A ranta tana jin ta yi daidai.

Mahmud ya iso ranar jajibere da turare da atamfa. Babu kyamara.

"Wallahi aiki ya sha kaina. Amma duba wayar nan, ta fi kyamara goma. Inna kuwa tsohuwa ce, mu lallashe ta."

Ranar Sallah gida ya cika. Na Kaduna sun zo, na Funtua sun zo, har ƙanen Malam da ya shekara shida bai taka Katsina ba. Bayan an yanka rago, Inna ta fito cikin shuɗiyar atamfarta, ta sa kwalli, ta sa warwaron azurfar da ke ƙasan akwatinta. Aka shimfiɗa mata darduma a gindin dalbejiya. Ta zauna, ta gyara mayafi, ta dubi jikarta.

"To, ƙawata, ina abin?"

Zuwaira ta kasa ɗaga ido. Mahmud ya matso da wayarsa yana wasa da dariya. Inna ta dube shi, ta dubi wayar, ta ja mayafin a hankali ta rufe fuska.

"Ba komai," ta ce daga ciki. "Allah Ya kai mu ta baɗi."

Ba ta yi faɗa ba. Ta koma ɗaki ta tuɓe adonta.

Kwana goma sha ɗaya bayan Sallah, da hantsi, Inna ta ce kanta na sarawa, ta kwanta. Kafin azahar Allah Ya yi mata rasuwa.

Sammani ya zo jana'iza. Zuwaira ba ta gan shi ba, ƙanwarta Zara ce ta gaya mata cewa har maƙabarta ya je, kuma kwana uku yana zuwa zaman makoki, ya zauna can gefen tabarma, bai nemi kowa ba.

Ranar addu'ar bakwai dangi suka nemi hoton Inna, kowa na son ya tafi da shi. Aka bincike gidan kaf. Abin da aka samu shi ne ɗan ƙaramin hoton katin zaɓe, ya dushe, ba ka gane ko wace ce.

Da yamma Zuwaira ta shiga ɗaki ta buɗe lambar da ta toshe. Saƙonnin da wayar ta killace tun ranar suna nan jere.

"Malamata, na ga kamar ke ce kika juya. Ki ɗauka don Allah."

"Kyamarar nan na gano danshi ya shiga idonta, hoto na fita da hazo a gefe. Ba zan saida maki ita ba. Mai ita ce ta zo na maida mata kayanta."

"Na sa a kawo maki wata daga Kano. Ta fi waccan, kuma kuɗinki za su isa har da wanki."

"Ta iso. Na gwada ta, lafiya lau. Ko kin fasa ni, ki amshi wannan saboda Inna."

Na ƙarshe ranar jajibere ne: "Na zo gida da ita yau. Baba ya ce in koma, za a kawo wata daga Abuja. Allah Ya sa hoton ya yi kyau. Ki ce ina gaida Inna."

Zuwaira ta karanta sau biyu. Sannan ta fashe da irin kukan da ba ta yi ba ko ranar rasuwar. Da ta ɗauki waya sau ɗaya. Da ta ƙarasa taku goma ta tambaya.

Kukan ne ya jawo Malam Babaji. Ta miƙa masa wayar. Ya sa tabarau ya karanta, sannan ya zauna bakin gado.

"Yana riƙe da ita cikin leda," ya ce a hankali. "A zaure. Har ya miƙo mani, ya ce ba sai an biya ba yanzu. Na ce ya tafi da abinsa." Ya cire tabarau ya share ido. "Uwata ce, Zuwaira. Ni na kore shi da hannuna."

Washegari Malam da kansa ya tafi kasuwa. Zuwaira ba ta san abin da suka tattauna ba. Ta dai ga ya dawo da kyamarar, ya ajiye mata, ya ce, "Yaron nan ya fi ni hankali. In har yanzu yana so, ya turo manyansa."

Sai da ta kwana biyu kafin ta iya rubuta masa.

"Sammani, ban da bakin ba ka haƙuri. Na zarge ka ban tambaye ka ba."

Amsar ba ta jima ba. "Ni ma da laifina, Malamata. Da na gaya maki tun ranar da na fara zargin idon kyamarar. Na so in ba ki mamaki ne. Kullum ina tuna wannan."

Da ya zo zance na farko a zaure, suka gaisa, suka zauna.

"Inna ta so ganinka," in ji Zuwaira. "Ta ce in kawo ka."

"Ki ba ni labarinta, to," ya ce. "Tun daga farko. Ina da lokaci."

Ta ba shi. Yadda Inna ke ɓoye mata ƙosai cikin kwanon sha, yadda take tsokanar masu tallan nono, yadda take kiran kowace mota Landiroba. Ta yi kuka, ta yi dariya, shi kuma yana saurare.

Mahmud ya kira ya ba da haƙuri, ya kuma janye da kansa ba tare da wata hayaniya ba.

Bayan wata biyar aka ɗaura aure, ranar Juma'a, a ƙofar gidan Malam Babaji. An yi taro daidai ƙarfi. Mata sun yi guɗa, amma dangi da yawa sun riƙa waiwayen ƙofar ɗakin Inna da ke rufe a kusurwar tsakar gida.

Da la'asar, kafin a fita da amarya, aka kai ta gaban mahaifinta. Ya sa aka kira ango ma. Suka durƙusa tare, ita lulluɓe cikin laffaya tana sheshsheƙa.

Malam ya dube su. Sannan ya kama hannun Sammani.

"Ɗana, ga amana nan. Tana da saurin fushi, a wurina ta gado. In ta yi shiru, kar ka gaji da ƙwanƙwasawa." Ya juya ga 'yarsa. "Ke kuma, ki riƙa tambaya. Ni da ke mun ga abin da rashin tambaya ya ja mana."

"In sha Allahu, Baba," in ji Sammani.

"Allah Ya yi maku albarka. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ita kuma Allah Ya haskaka kabarinta."

Duk ɗakin aka amsa da amin. Zuwaira ta kifa kai a gwiwar mahaifinta, sai da gwaggonninta suka ɗaga ta. A bakin ƙofa Sammani ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Taho, Malamata. Mu je gida."